EDITH CAVELL, MAI-JIYYA

Kowace shekara, idan makarantun jiyya suka yaye ɗalibansu, waɗansu daga cikin 'ya'yan Ekklesiya su kan karɓi takardar shaida, su sa fararen kaya, a tura su ɗakin gaggawa na asibiti, watau inda a ke fara kai wanda mota ta buge, da wanda maciji ya sara, da yaron da ya faɗa cikin wuta. Da yawa cikinsu kafin su cika wata 3 zuciyarsu ta karai. Hannu yana rawa, babbar sista tana faɗa, abin da aka koya cikin aji ya gudu daga kai, mutum ya soma tambayar kansa ko lalle Allah ne ya kira shi ga wannan aiki. Domin irin waɗannan 'yan'uwa, da iyayensu kuma, za mu ba da labarin wata mai-jiyya ta ƙasar Ingila, sunanta Edith Cavell. Duniya ta san ta saboda irin mutuwar da ta yi. Mu kuwa za mu fi daɗewa a kan yadda ta fara, gama farawar tata ba ta da wani kyan gani.

An haife ta ran 4 ga Disamba 1865 a Swardeston, wani ƙauye kusa da birnin Norwich a gabashin Ingila. Ubanta, Frederick Cavell, shi ne paston ƙauyen, ya kuwa yi fiye da shekara 40 yana riƙe da wannan majami'a ɗaya. Mutum ne mai tsanani. Ya kashe yawancin abin hannunsa wajen gina gidan pasto, saboda haka iyalin ba su da yalwa, amma duk da haka ran Lahadi a kan ɗebi rabo daga abincin rana, yaran su kai wa matalautan ƙauyen tun da zafinsa. Edith ce babba cikin 'ya'ya 4. Ta iya zane ƙwarai, har da aka rasa ɗakin makarantar Lahadi ta riƙa zana furanni da tsuntsaye a kan 'yan katuna ana sayarwa, aka tara wajen fam 300, aka yi ginin. Kada mu zaci yarinya ce marar dariya. Ta taɓa rubuta wa wani ɗan'uwanta cewa ya zo ziyara, amma kada ya bari Lahadi ta same shi, domin wa'azin babanta yana da tsawo da sa barci. Pastocinmu su ji wannan, su yi haƙuri da mu.

A makarantar kwana ta Peterborough ta koyi Faransanci sosai. A zamanin nan 'yar pasto marar dukiya ba ta da hanyoyi da yawa, sai ta kama aikin renon 'ya'yan masu hali da koya musu karatu a gidajensu. A 1890 wannan aiki ya kai ta Brussels, babban birnin Beljiyam, gidan wani lauya mai suna François, ta yi shekara 5 tare da su. Ananan a 1895 ubanta ya kwanta ciwo mai tsanani, ta komo gida ta yi jiyyarsa har ya tashi. A bakin gadon nan ne ta ƙudura a ranta za ta koyi jiyya. Shekarunta sun kusa 30. Tsararrakinta sun daɗe da yin aure, ƙannenta mata 2 kuma sun riga ta shiga wannan aiki.

A Disamba 1895 ta fara da aikin mataimakiya a asibitin Fountain a kudancin Landan, inda a ke keɓe masu zazzaɓi mai yaɗuwa. Bayan 'yan watanni, a 1896, aka karɓe ta 'yar koyo a Asibitin Landan da ke unguwar Whitechapel.

Ya kamata masu karatu su san irin wurin nan. Whitechapel tana gabashin Landan, kusa da inda jiragen ruwa su ke sauke kaya, unguwa ce ta talakawa, 'yan dako da ma'aikatan masaƙu da baƙin Yahudawa waɗanda suka gudo daga Rasha da Poland. Asibitin yana cikin mafiya girma a Ingila, da sadakar mutane kuma a ke tafiyar da shi. Yana da wani babban ɗaki na karɓar majiyyata a bakin ƙofa, wanda ba a rufe shi dare da rana, shi ne kakan ɗakin gaggawa na yanzu. Ta nan a ke shigo da wanda kaya suka faɗo masa a tashar jirgi, da wanda keken doki ya taka, da matar da fitila ta kama wa riga, da wanda aka soka da wuƙa a gidan giya. Daga nan a ke rarraba su zuwa ɗakunan kwanciya. Ku tuna kuma a lokacin ba a san rabe-raben jinin mutum ba tukuna, sai a 1901 aka gano su, saboda haka ƙarin jini caca ne da rai. Allurar fenisilin sai wajen shekara 45 a gaba. Hoton ƙashi bai wuce shekara ɗaya da samuwa ba. Abin da ke hannu shi ne maganin barci domin fiɗa, da ruwan kabolik na kashe ƙwayoyin cuta, da sabulu, da bandeji, da idon mai-jiyya.

Shugabar masu-jiyya, wadda a ke kira Matiron, ita ce Miss Eva Lückes. An ba ta wannan matsayi tun 1880 tana da shekara 26, abokiyar shawarar Florence Nightingale ce kuma. Ita ce ta kafa gidan share fage inda sababbi su kan yi 'yan makonni suna koyon gyaran gado da ɗaurin bandeji da dafa abincin majiyyata kafin a bar su su taɓa marar lafiya. Tana da wani babban littafi inda ta ke rubuta halin kowace 'yar koyo, ba ta kuwa sassautawa.

'Yar koyo ta kan kama aiki da ƙarfe 7 na safe, ta tashi da ƙarfe 9 na dare, da ɗan hutu a tsakani. Yawancin aikin ba abin da mutum zai ba da labari a gida ba ne: shara, goge ƙura, zubar da kwanon bayan gida da wanke shi, canza zanen gado, yi wa wanda ba ya iya motsi wanka. Bayan wannan duka ga darasi da jarrabawa. Kuɗin da a ke biya bai taka kara ya karya ba. Edith mace ce da ta saba riƙe gida da ba da umurni ga yara cikin harsuna 2, ga shi yanzu 'yan mata da ta girma suna aikenta.

Tana cikin shekararta ta fari zuwa ta biyu sai aka jefa ta cikin babban gwaji. A Satumba 1897 zazzaɓin taifot ya ɓarke a Maidstone, wani gari mai mutane wajen 34,000 a kudu maso gabashin Landan. Ƙazanta ce ta shiga idanun ruwan da a ke jawo wa garin ruwan famfo. An fi zargin sansanin 'yan cin rani da suka zo girbi suka sauka kusa da wurin, ba su da salga. Cikin 'yan watanni mutane fiye da 1,800 suka kwanta. Asibitin garin ya cika, aka mai da makarantu da waɗansu manyan gidaje asibitocin gaggawa, aka aika neman masu-jiyya ko'ina. Miss Lückes ta zaɓi 6 daga cikin nata ta tura, Edith tana ciki, ko takardar shaida ba ta karɓa ba tukuna.

Mu a nan mun san taifot, amma mun san ta da magani. A 1897 babu magani, sai a 1948 aka sami ƙwayar da ke kashe ta. Likita ya kan zo ya duba ya wuce, ran majiyyaci kuwa, bayan ikon Allah, yana hannun wadda ke zaune kusa da shi. Ciwon ya kan ɗauki mako 3 ko 4. Zafin jiki yana hawa kaɗan kaɗan har mutum ya soma sambatu, sai a riƙa shafa masa ruwa da tsumma, a auna zafin a rubuta, a juya shi domin kada gado ya ci masa baya, a wanke masa baki, a ɗura masa madara cokali cokali. Mako na 3 shi ne abin tsoro, gama cutar tana yin miki cikin hanji, mikin kuwa yana iya zub da jini ko ya huje. Saboda haka ba a bari majiyyaci ya tashi zaune, ba a ba shi abinci mai tauri ko da yana kuka da yunwa, sai kuma mai-jiyya ta sa ido a kan dangi masu tausayi waɗanda su kan ɓoyo gurasa cikin riga. Idan fuska ta yi fari farat ɗaya, bugun jini ya yi sauri, zafin ya faɗi ba dalili, tilas ta gane nan da nan ta kira likita. Dukan abin da ya fita daga jikin majiyyaci kuma sai an zuba masa magani kafin a zubar, in ba haka ba ita ma ta kamu. Wannan shi ne aikin da Edith ta yi wajen wata 2.

Mutum 132 suka mutu. Aka wanke bututun ruwan garin da hodar kulorin, abin da ba a taɓa yi wa wani gari a Ingila ba kafin wannan, cutar kuma ta lafa. Mutanen Maidstone suka buga lambar azurfa suka ba masu-jiyyan da suka taimake su, Edith ta sami tata.

Mai karatu zai zaci daga nan sai ɗaukaka. Ba haka ya zama ba. Ta koma Whitechapel ta ƙarasa koyonta, ta karɓi takardar shaida a 1898. Abin da Miss Lückes ta rubuta a kanta cikin babban littafin nan kuwa shi ne, tana da iyawa idan ta ga dama ta yi ƙoƙari, amma ba ta ɗauki aikin da gaske sosai ba, ba ta kiyaye lokaci, tana kuma da wani hali na nuna ta ishi kanta wanda ke sa mutane su ƙi ta. Aka sa ta cikin waɗanda asibitin ke aikawa jiyya a gidajen masu kuɗi, aikin da ke kawo wa asibiti riba amma ba ya kai mutum gaba. A 1899 aka komo da ita ɗakin Mellish, ɗakin maza na masu fiɗa da waɗanda haɗari ya same su. A nan ta zauna fiye da shekara guda tana karɓar abin da ƙofar nan ta gaba ta aiko, karaya da ƙuna da fasasshen kai. Ba a taɓa ba ta matsayin sista a Asibitin Landan ba.

Waɗansu masu ba da labarinta su kan yi fushi da Miss Lückes saboda wannan shaida. Mu ba mu ga dalili ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai Edith ta kan makara, kuma mace mai shekara 32 wadda ba ta yawan magana, ba ta shiga hirar 'yan mata, da sauƙi a ce tana da girman kai. Matiron ta rubuta abin da ta gani a shekarun nan. Abin lura shi ne yadda Edith ta ɗauki zaman da ke tsakaninsu. Ba ta bar aikin ba, ba ta kuma riƙe Miss Lückes a zuci ba. Shekara da shekaru bayan ta bar asibitin tana rubuta mata wasiƙa tana neman shawara, Miss Lückes kuma tana amsawa, tana ba da shaida a kanta wurin masu ɗaukar aiki.

A 1901 ta koma asibitin gajiyayyu na St Pancras, ita ce mai lura da aikin dare. Irin wannan asibiti na waɗanda ba su da kowa ne, masu-jiyya kaɗan, gadaje da yawa. A 1903 ta zama mataimakiyar Matiron a Shoreditch, a nan aka gane ta iya koyarwa, a nan kuma ta soma bin majiyyata har gidajensu bayan an sallame su ta ga yadda su ke. Ta nemi matsayin Matiron a waɗansu wurare ba ta samu ba. A 1906 ta yi 'yan watanni tana jiyyar talakawa gida gida a Manchester. Shekara 10 ke nan da fara aiki, ta haura 40, ba wanda ya san sunanta.

A Beljiyam kuwa akwai wani babban likitan fiɗa, Antoine Depage. A ƙasar nan 'yan zuhudu na Katolika ne ke jiyya tun dā, da ibada da tausayi, amma ba a koya musu sabuwar hanya ba, mutanen kirki kuma suna ganin abin kunya ne 'yarsu ta yi jiyya domin albashi. Depage yana so ya buɗe makaranta irin ta Ingila, yana neman Ba'ingilishiya mai jin Faransanci. Ta wurin iyalin François ɗin nan aka ji labarin Edith. Shekaru 5 na reno waɗanda su ke kamar ɓata lokaci, su ne suka buɗe mata ƙofa. A Oktoba 1907 aka buɗe makarantar cikin gidaje 4 da ke manne da juna, da ɗalibai 4.

Ga wani abin murmushi. Wadda aka rubuta ba ta kiyaye lokaci, ita ce yanzu ta kan zauna wurin karin kumallo da agogo a gabanta bisa tebur, wadda ta makara kuwa a rage mata lokacin hutu. Ɗalibanta suna tsoronta, amma sun ga ta ɗauki waɗansu 'yan mata 2 marasa madafa ta riƙe su a gidan kamar 'ya'yanta, ɗaya cikinsu maganin rage zafi ne ya kama ta har ba ta iya rabuwa da shi. Kafin yaƙi ya zo, makarantar tana ba da masu-jiyya ga asibitoci 3 da makarantun yara masu yawa, ana kuma gina mata sabon gida a unguwar Uccle.

A farkon Agusta 1914 tana Norwich wurin uwarta, wadda ta zama gwauruwa tun 1910, sai labarin yaƙi ya zo. Wannan shi ne yaƙin da sojan Nijeriya suka yi da Jamusawa a Kamaru, a Garwa da dutsen Mora. Nan da nan ta koma Brussels. Ran 4 ga wata Jamus ta shiga Beljiyam, ran 20 sojanta suka kama birnin. Asibitin makarantar ya koma ƙarƙashin tutar Red Cross, Edith kuma ta gargaɗi masu-jiyyanta cewa kowane mai rauni da aka kawo, Bajamushe ko ɗan ƙasa, ɗan wata uwa ne, a yi masa jiyya daidai. Suka yi jiyyar Jamusawa da yawa.

Bayan yaƙin Mons, ran 23 ga Agusta, sojan Ingila da Faransa suka ja da baya da sauri, suka bar ɗaruruwan mutanensu a warwatse cikin dazuka da ƙauyuka, waɗansu da raunuka. Jamusawa suka manna sanarwa cewa duk wanda ya ɓoye su zai gamu da hukunci mai tsanani. A farkon Nuwamba wani injiniya mai suna Herman Capiau ya ƙwanƙwasa ƙofar makarantar da mutum 2 cikin kayan farar hula, Kanar Dudley Boger da Saje Fred Meachin, dukansu da rauni. Ta shigar da su, ta ba su gado, ta wanke raunukansu, da suka sami ƙarfi ta samo musu masu ja-gora. A ganinmu ba sabon abu ta yi a daren nan ba. Abin da ta koya a Whitechapel ke nan, inda ba a tambayar wanda aka kawo ko shi wane ne kafin a tsai da jini.

Amma abin bai tsaya ga mutum 2 ba. Gidanta ya zama zango cikin wata doguwar hanya ta asiri. Yarima Réginald de Croÿ da 'yar'uwarsa Marie suna tara sojan a gidansu na Bellignies a arewacin Faransa, wata malamar makaranta, Louise Thuliez, tana rako su da dare, wani mai zanen gini, Philippe Baucq, yana shirya masu ƙetar da su zuwa Holan, wadda ba ta cikin yaƙin. Edith tana ɓoye su, tana ciyad da su, tana ba su kuɗin hanya, sau da yawa ita da kanta ta kan raka su cikin gari zuwa wurin mai ja-gora. Wajen mutum 200 suka bi ta hannunta, da sojan Ingila da na Faransa da samarin Beljiyam masu so su shiga soja.

A nan akwai magana mai wuya wadda ba za mu tsallake ba. Jiyyar mai rauni dabam, mai da lafiyayyen soja ga rundunarsa dabam. Ta yi na biyun a gidan da ke ƙarƙashin tutar Red Cross, tutar da amfaninta duka ya rataya ga amincewar kowane ɓangare cewa ba a yaƙi a ƙarƙashinta. Ta ɓoye wa masu mulki gaskiya wata da watanni. A 2015 kuma Stella Rimington, wadda ta taɓa shugabantar hukumar tsaron asiri ta Ingila, ta bincika takardun Beljiyam ta nuna cewa waɗansu cikin ƙungiyar suna aika labarin sojan Jamus zuwa Ingila ta hannun masu gudun, masana tarihi kuwa sun yi saɓani a kan iyakar abin da Edith ta sani. Ita dai abin da ta faɗa wa alƙalai shi ne ta gaskata za a harbe mutanen nan idan ta kore su. Mun yarda da ita, muna kuma ganin inda ƙaunar maƙwabci ta ƙare da inda ƙaunar ƙasa ta fara, ita kanta sai a kurkuku ta zauna ta rarrabe su.

'Yan sandan asiri suka sa wa gidan ido, suka turo 'yan leƙen asiri cikin kamannin masu gudu. Abokanta suka ce ta tsere, ta ƙi. Aka kama Baucq ran 31 ga Yuli 1915, ita kuma ran 5 ga Agusta. Aka ruɗe ta da cewa sauran sun riga sun faɗi kome, ta amsa abin da ta yi, har ta ambaci sunayen waɗansu. Da Faransanci aka yi mata tambaya, da Jamusanci aka rubuta, ta sa hannu a takardar da ba ta iya karantawa. Ta yi mako 10 a kurkukun St Gilles, yawancinsa ita kaɗai, tana karatun Littafi Mai Tsarki da littafin addu'a da littafin Thomas à Kempis a kan koyi da Kristi, tana ja wa waɗansu wurare layi. Tana can masu-jiyyanta suka kwashe kaya zuwa sabon ginin da ba ta zauna ciki ba ko kwana ɗaya.

Ran 7 da 8 ga Oktoba aka gurfanar da mutum 35 gaban kotun soja a zauren majalisar dattawan Beljiyam. Ba ta sa kayan jiyya ba, da kayan gida ta zo. Laifin da aka ɗora mata shi ne kai wa abokan gaba mayaƙa, ba leƙen asiri ba. Ba ta yi musu ba, har ta yarda waɗansu sun rubuto mata godiya bayan sun isa Ingila, wannan kuwa ya ƙara wa laifin nauyi bisa dokar sojan Jamus. Ran 11 ga wata da yamma aka karanta hukunci a kurkuku: mutum 5 kisa. Gwamnan soja na Brussels, Janar von Sauberzweig, ya ba da umurni a gama da ita da Baucq da asuba. Cikin daren nan Hugh Gibson na ofishin jakadan Amurka da jakadan Sifen suka yi ta roƙo har tsakar dare, ba a ji su ba.

Ta riga ta rubuta wa masu-jiyyanta wasiƙar ban kwana. Ta tuna musu yadda suka fara da ɗalibai 4, ta gargaɗe su a kan tsegumi, gama ta ga yadda kalma ɗaya ke ɓata sunan mutum har ta jawo asarar rai. Ta roƙi gafarar duk wadda ta yi wa tsanani fiye da kima, ta ce ta ƙaunace su fiye da yadda suka sani.

Da dare aka bar Pasto Stirling Gahan na Ekklesiyar Ingila ya shiga wurinta. Ya same ta a natse. Ta gaya masa ta ga mutuwa sau da yawa har ba ta zama mata baƙuwa ko abin tsoro ba, ta gode wa Allah saboda makonni 10 na hutu bayan rai mai yawan gaggawa, ta ce an yi mata kirki a kurkukun. Sa'an nan ta ce yanzu da ta ke tsaye gaban Allah da madawwamin zamani ta gane ƙaunar ƙasa kaɗai ba ta isa ba, tilas kada ta riƙe ƙiyayya ko ɗacin rai ga kowa. Suka ci Jibin Ubangiji tare a ɗakin. Da safe wani paston Lutheran na sojan Jamus, Paul Le Seur, shi ne ya raka ta filin harbi, ya riƙe hannunta ya sa mata albarka da Turanci. Aka harbe ta tare da Philippe Baucq da ƙarfe 7 na safe ran 12 ga Oktoba 1915. Shekarunta 49. Sauran 3 ɗin aka mai da hukuncinsu ɗauri saboda kukan da duniya ta yi.

Abin baƙin ciki, wadda ta mutu tana ƙin ƙiyayya, da hotonta aka yi ta zuga samari a Ingila da Kanada da Ostareliya su shiga soja su rama. Da aka kafa siffarta ta dutse a tsakiyar Landan a 1920 ba a sa maganarta ta ƙarshe ba, sai a 1924 aka ƙara ta bayan mata sun yi ta kuka. Ekklesiyar Ingila ta sa ran 12 ga Oktoba cikin kwanakin tunawa da bayin Allah saboda ita.

A 1919 aka tono gawarta, a Mayu aka kawo ta Ingila, aka yi sujada a Westminster Abbey, jirgin ƙasa ya kai ta Norwich, aka binne ta a gefen babbar majami'ar birnin, mil kaɗan daga Swardeston. Uwarta ta riga ta rasu a 1918. Miss Lückes ma ba ta ga ranar ba, gama ta rasu a Fabrairu 1919 bayan shekara 39 tana Matiron. Amma ta ga an sa wa sabon gidan kwanan masu-jiyya na Asibitin Landan sunan Edith Cavell, babban littafinta kuwa, da shaidar 'yar koyon nan mai makara a ciki, an adana shi cikin takardun tarihin asibitin.